Gurbin Karatu da Kwalbar Giya: Makaranta Za Ta Iya Janye Takardar da Ta Ba Yaro?

Wuraren karatu: Daniyel 1:1-21, Farawa 25:29-34

Gabatarwa

A ɗauki misalin wani gida a Maitumbi, a bakin hanyar da ta fita daga Minna zuwa Gwada da Kuta. Uba ma'aikacin gwamnati ne, uwa tana ƙaramar sana'a a kasuwa. Ɗansu mai shekara 17 ya gama sakandare, sunansa ya fito a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, har an ba da shaidar godiya a majami'a ran Lahadi. Mako biyu bayan haka abokai suka shirya masa liyafa. Aka sha, aka bugu, faɗa ya tashi, 'yan sanda suka kwashe su, wani kuma ya ɗauki hoton abin a waya. Da gari ya waye tambaya ɗaya ce a bakin iyayen: gurbin nan da aka sha wahala kafin a samu, yana nan ko ya tafi?

Wannan darasi zai duba amsar, da abin da ya wajaba a kan iyaye kafin irin wannan rana ta zo.

1. Takardar farko ta wucin gadi ce

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ƙofar shiga manyan makarantun Nijeriya. Tun daga 2017 tana tafiyar da ɗaukar ɗalibai ta wani tsari na kwamfuta da ake kira CAPS, inda makaranta za ta zaɓi yaro, hukumar ta amince, shi kuma ya karɓa. Iyaye da yawa sukan ɗauka cewa da zarar an buga takardar, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Gurbin na wucin gadi ne, yana kuma rataye a kan sharuɗɗa. Akwai tantance takardu, akwai gwajin lafiya, akwai rajista, sa'an nan akwai ranar rantsuwa, inda sabon ɗalibi yake alkawarin bin dokokin makaranta. Kafin a ƙetare waɗannan matakai, makaranta tana da ikon janye abin da ta bayar.

Dalilan da suka fi jawo janyewa sanannu ne: sakamakon jarrabawa na jabu, rashin cika darussa biyar da ake bukata har da Turanci da Lissafi, ƙaryar shekaru, da ɓoye gaskiya a cikin fom. Shan giya kansa ba kasafai yake zama dalili a jami'o'in gwamnati ba, domin makaranta ba ta bin yaro unguwa ta ga abin da yake sha. Amma abin da shan yakan haifar, shi ne yake isa ofishin rajistara.

2. Hanyoyin da labari yake bi

Hanya ta farko ita ce hukuma. Kayan barasa a Nijeriya suna ɗauke da gargaɗi cewa ba na wanda bai kai shekara 18 ba ne, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Da yake ana shiga jami'a daga shekara 16, sababbin ɗalibai da yawa yara ne a idon doka. A Jihar Neja kuwa akwai ƙarin nauyi, gama tun zamanin Gwamna Abdulkadir Kure, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka tsaurara dokar sayar da barasa, akwai kuma hukumar da take kula da lasisinta. Yaron da aka gurfanar a kotu saboda faɗa ko ɓarna cikin maye, ya sami tabo da zai bi shi duk inda aka tambayi tarihinsa.

Hanya ta biyu ita ce shaidar hali. Makarantar sakandare takan ba ɗalibi takardar shaidar halinsa, wasu makarantu kuma sukan nemi wasiƙa daga fasto ko wani dattijo sananne. Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil suna tsananta bincike a kan lafiya da hali. Jami'o'in da ikkilisiyoyi suka kafa kuma suna da nasu dokoki masu tsauri, wasunsu sun haramta barasa gaba ɗaya, ko shekarun ɗalibi nawa ne.

Hanya ta uku ita ce gwajin ƙwaya. Inda ake shan giya a tarukan matasa, sau da yawa ba giya kaɗai ake sha ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya suna amfani da miyagun ƙwayoyi. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar NDLEA suka amince a kan yi wa ɗaliban manyan makarantu gwaji. Giya takan fita daga jiki da wuri, amma alamar wiwi tana iya daɗewa kwanaki ko makonni a fitsari.

Hanya ta huɗu ita ce waya. Abin da aka yi cikin duhu a ɗaki ɗaya, kafin asuba ya zaga gari.

3. Yadda abin yake a ƙetare

Iyalan da suke da niyyar tura yara Amurka su lura. A can sai mutum ya kai shekara 21 kafin ya sayi barasa, bisa ga wata dokar tarayya ta 1984, don haka kusan duk sabon ɗalibi yana ƙasa da shekarun. Jami'o'insu sukan rubuta a sarari cewa suna da ikon janye gurbi idan halin ɗalibi ya jawo shakka. A 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin akalla mutum goma saboda hotuna da kalaman batsa da suka yi ta aika wa juna a wani zaure na Facebook. Ba su taka makarantar ba tukuna, amma halinsu ya riga su isa. Ga baƙon ɗalibi kuma, kamun tuƙi cikin maye yana iya jawo soke bizarsa.

4. Idan abin ya riga ya faru

Kada iyaye su yi gaggawar ɓoyewa. Kuskure ɗaya da aka amsa, aka tuba, sau da yawa ana iya gafarta shi, amma ƙarya a cikin fom laifi ne da makaranta take kora a kansa ko bayan shekaru. Neman a goge magana da cin hanci kuwa ƙara laifi ne a kan laifi, yana kuma koya wa yaro cewa kuɗi suna sayen gaskiya.

Ɗalibi yana da haƙƙin a saurare shi. A 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗalibai domin ba a ba su damar kare kansu yadda ya kamata ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da wannan haƙƙi. Sai dai waɗancan ɗalibai ne da suka riga suka shiga makaranta. Wanda takardar wucin gadi kaɗai yake riƙe da ita, matsayinsa bai kai nasu ƙarfi ba. Saboda haka a karanta sharuɗɗan takardar da littafin dokokin ɗalibai da kyau, a nemi shawarar lauya idan magana ta kai kotu.

Idan kuwa gurbin ya salwanta, yaron bai salwanta ba. Ana rubuta JAMB kowace shekara. Ga Kwalejin Ilimi ta Minna, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bida, ga Jami'ar IBB a Lapai. Gidan da ya kori ɗansa cikin fushi, ya miƙa shi ne ga abokan da suka kai shi ga wahalar.

5. Samari biyu, zaɓi biyu

Daniyel ma ya sami gurbin karatu. An zaɓe shi cikin samarin Yahuza domin horo na shekara uku a fadar Babila, nesa da idon iyaye, aka kuma yanka masa rabo daga abinci da ruwan inabin sarki. Ya ƙudura a ransa tun kafin a ɗora tebur, ya roƙi mai lura da su cikin ladabi, ya yarda a gwada shi kwana goma. A ƙarshen horon shi da abokansa uku suka fi kowa. Isuwa kuwa yana da gādon ɗan fari a hannu, ya sayar da shi saboda yunwar sa'a ɗaya, daga baya ya nema da hawaye. Da na sani ƙeya ce.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne watannin da ke tsakanin gama jarrabawar WAEC ko NECO da buɗe makaranta. Yaro ba shi da aji, ba shi da aiki, yana kuma ji ya girma. A wannan lokaci ne ya kamata iyaye su sa shi koyon sana'a ko aikin gona, su san abokansa da inda yake kwana, su zauna tare da shi su karanta takardar shigarsa layi layi. Uban da yake aiken ɗansa ya sayo masa giya ko burkutu, ya riga ya rushe nasa gargaɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi don tattaunawa a gida

1. Wace dabara Daniyel ya bi har ya ƙi abin sha ba tare da raina na gaba da shi ba?
2. Me yaro zai ce wa abokan da suka matsa masa a wurin liyafa?
3. Idan fom ya tambayi ko an taɓa hukunta yaro, kuma an taɓa, me iyaye za su ba shi shawara ya rubuta?
4. Wane shiri ƙungiyar matasa da zumuntar mata za su iya yi wa masu jiran shiga makaranta?

Kammalawa

Jami'o'in Nijeriya sukan ce suna ba da digiri ga wanda suka same shi ya cancanta a hali da kuma ilimi, hali ne kuwa suke fara ambata. Makaranta tana iya janye gurbi, ko da yake ba kowane kuskure ne yake kai ga haka ba. Iyayen da suka sayar da hatsi ko akuya domin kuɗin rajista, bari su ba da irin wannan himma ga tarbiyyar wanda za a yi wa rajistar. Ubangiji ya tsare 'ya'yan masu bi a fitarsu da shigarsu. Amin.