Me Ya Sa Sallah Take Matsawa Amma Kirsimeti Ba Ta Matsawa?

Ga shi mun gama jarrabawar zango na farko, saura a ba mu sakamako mu tafi hutu. Kowace shekara wannan hutu yana haɗuwa da bikin Kirsimeti, ranar 25 ga Disamba. Ita kuwa Sallah, wani lokaci takan zo da zafi, wani lokaci da damina. Mene ne dalili? Amsar tana cikin lissafi.

Kalanda biyu muke amfani da su

Ta farko ita ce ta Miladiyya, wadda makaranta da ofisoshin gwamnati suke bi. Tana ƙirga tsawon lokacin da duniya take ɗauka ta zagaya rana sau ɗaya, wato kwana 365 da 'yan sa'o'i. Waɗannan sa'o'in ne ake tarawa a ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya bayan shekara huɗu, kamar yadda aka yi a 2024. Fafaroma Giregori na 13 ne ya gyara ta a 1582. Da yake tana bin rana, watanninta suna tafiya tare da yanayi. Shi ya sa a nan Madachi Disamba kullum hunturu ne, an yanke dawa, an cika rumbu.

Ta biyu ita ce ta Hijira. An tsara ta a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA), aka fara ƙirga ta daga hijirar Manzon Allah (SAW) zuwa Madina a shekarar 622. Ita wata take bi. Kowane wata kwana 29 ne ko 30, don haka shekara takan zama kwana 354 ko 355.

To, ku ɗauko biro. 365 a cire 354, saura 11. Ke nan duk shekara Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11. A Nijeriya an yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu a 2023, sai 10 ga Afrilu a 2024, sai kuma 30 ga Maris a 2025. Idan aka raba 365 gida 11 za a samu kusan 33. Wato Sallah tana ɗaukar wajen shekara 33 kafin ta zagaye damina, kaka, hunturu da bazara ta dawo inda ta taso. Wannan ne ma ya sa muke jiran sanarwar ganin wata daga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, amma ba a jiran sanarwa kafin Kirsimeti.

Mene ne Kirsimeti?

Rana ce da Kiristoci suke murnar haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa (AS). Labarin haihuwarsa ya zo a Littafi Mai Tsarki na Kiristoci, ya kuma zo a Alƙur'ani cikin Suratu Maryam. Tun shekarar 336 aka samu rubuce cewa ana bikin ranar 25 ga Disamba a birnin Rum. Amma ba kowa yake yi a ranar ba. Kiristocin Habasha da yawancin na Masar sai 7 ga Janairu suke nasu. Gwamnatin Tarayya tana ba da hutu ranar 25 da 26 ga Disamba.

A makarantu da yawa na Jos da Legas akan rufe zango da waƙoƙin Kirsimeti da wasan kwaikwayo. A wajenmu kuwa a gida da coci ake bikin. Wasu suna zaton bikin baƙi ne kawai. Ba haka ba ne. A ƙauyukan Rano, Kibiya, Sumaila da Tudun Wada akwai Hausawa Kiristoci, da yawansu 'yan cocin ECWA, kuma da Hausa suke sujada. Sukan ɗinka sababbin kaya, su yanka kaji ko akuya, su dafa shinkafa, su aika wa maƙwabta, kamar yadda ake aika tuwon Sallah. 'Yan uwa da ke aiki a Kano, Kaduna ko Abuja sukan dawo gida a gaisa da kakanni. Iyalan Musulmi ma da yawa a wannan hutun suke sa ranar biki, tunda an gama aikin gona kuma yara suna gida.

Wani lokaci sukan haɗu

Tunda ɗaya tana tsaye ɗaya tana zagayawa, dole wata rana su gamu. A 2015 an yi hutun Mauludi ranar 24 ga Disamba, washegari aka yi Kirsimeti. Bisa lissafi, a 2033 za a yi Ƙaramar Sallah sau biyu, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya wajen 23 ga Disamba, idan Allah ya kai mu kuma an ga wata. A makon nan tela ɗaya ne zai ɗinka kayan Sallah da na Kirsimeti, kuma kasuwar Rano ɗaya za a ci. Lokacin mun gama sakandare, mu ne za a aika gidan maƙwabta da kwanon abinci. Wanda ya saba tsokanar ɗan ajinsu saboda addininsa, da wane ido zai shiga gidansu? Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Gara mu fara tun wannan hutun.

Aikin hutu

1. Idan an yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris a 2025, wajen wace rana za ta kama a 2027?
2. Tambayi kakarka ko kakanka ko sun taɓa yin azumi cikin hunturu, su ba ka labari.
3. Rubuta watanni 12 na Hijira a jere.

A kawo amsa ga ƙungiyar 'yan jarida a makon farko na dawowa, za mu liƙa mafi kyau a wannan allo. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa. A sha hutu lafiya, kuma a dawo ranar da aka ce.