Ajiyar Umarni: Daga Ƙwayar Iri Zuwa Kwamfuta

Gabatarwa

Idan kaka ta yi, manomi a Kiru ko Bebeji yakan ware zangarniyar dawa mafi kyau ya adana don shukar baɗi. A idon masanin halittu, umarni ya adana, domin kowace ƙwaya tana ɗauke da bayanin yadda za a gina sabon tsiro.

Sirrin ƙwayar iri

Ƙwaya ta ƙunshi muhimman abubuwa biyu: ɗan tsiro, wanda umarnin ke rubuce cikin sinadarinsa na DNA, da kuma guzurin abincin da zai ci kafin ya yi ganye. In babu guzurin, umarnin ba zai yi amfani ba. A 2005, ƙwallon dabino mai shekara kusan 2,000, wanda aka tono a Masada, ya tsiro.

Matsalar masana kwamfuta

Manhaja tana ƙunshe da jerin umarni iri-iri, kowane da aikinsa, kamar tantance ɗaliban da suka ci jarrabawa. A harshen Lisp, wanda John McCarthy ya ƙirƙira a Amurka a 1958, ana sarrafa jerin umarni kamar yadda ake sarrafa lamba: a ba shi suna, a miƙa shi ga wani jerin. Sai dai da zarar an rufe manhaja, abin da ke ƙwaƙwalwar aiki ya ɓace.

A Sikotilan, Malcolm Atkinson da Ron Morrison sun tunkari matsalar da harshen PS-algol, suka buga bayaninsu a 1985. Hanyarsu ita ce a ajiye jerin umarni a faifai tare da duk bayanan da ya dogara da su. Alal misali, jerin da ke tantance ɗalibai yana bukatar sanin cewa makin ci 40 ne. In aka ajiye shi ba tare da wannan lamba ba, ranar da aka kira shi zai kasa aiki, ko ya kayar da wanda ya ci.

Kammalawa

Ƙa'idar ɗaya ce a rumbu da faifai: umarni ba ya daɗewa da amfani sai da guzurinsa.

Aikin aji

Ku jiƙa ƙwayar masara ta kwana, ku tsaga ta a tsaye, ku ɗiga mata aidin. Sashen da ya koma shuɗi-baƙi shi ne guzurin. Ina ɗan tsiron yake?