Amsoshin Tambayoyinku: Tabbas da Yaƙini

Wani mai sauraronmu daga Kafur, jihar Katsina, yana tambaya ko tabbas da yaƙini abu ɗaya ne. Malam, mun gode. Ba ɗaya ba ne. Tabbas yana tafiya da hujjar da wani zai iya dubawa. Manomin da ya auna buhun masararsa da tiya kafin ya kai kasuwar Funtua yana da tabbacin abin da ke ciki, dillali ma in ya musa sai a zazzage a sake awo. Yaƙini kuwa a zuci yake zama, shi ya sa aka fi jinsa a bakin malamai wajen maganar imani da ibada. Mai sallar da ya rikice, raka'a uku ya yi ko huɗu, ana ce masa ya gina a kan yaƙini, wato ya ɗauki uku.

Wani zai ce ai jama'a suna musanya su kullum kuma ana fahimtar juna. Haka ne, a hira babu laifi. Amma a gwada a gaban alƙali, ko wajen bashin taki: wanda ya ce yana da yaƙinin ya biya, shaida za a nema, domin tabbaci ake so. Wanda ya ga hadari ya haɗo kuma ya ce tabbas za a yi ruwa, ya zarce. Kyautata zato kawai yake da shi. Saboda haka, Malam, abin da ba za ka iya nunawa ba, kada ka ce masa tabbas.