Yadda Ake Magance Yoyon Taga da Danshin Bango a Kona

A Kona, gefen Jalingo a Jihar Taraba, damina kan sauka wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma hadarin farkon damina yawanci daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. Shi ya sa tagogin bangon gabas suka fi shan feshi, su ake fara dubawa.

Da damina ake gano yoyo, da rani ake gyara. Alamunsa a fili suke: fenti ya kumbura yana ɓarewa a ƙasan taga, farin gari kamar gishiri ya feso a jikin filasta, fumfuna ta yi baƙi a kusurwa. Sai dai ba lalle inda danshin ya bayyana ta nan ruwan ya shigo ba. Don gano hanyarsa, mutum ɗaya kan tsaya a waje da buta yana zuba ruwa, ya faro daga ƙasan taga ya yi sama a hankali, na ciki kuma yana lura da inda ya fara tsattsafowa.

Galibi matsalar tana mahaɗar firam da bango. Idan tagar ƙarfe ce irin ta masu walda, birkila kan sassaƙe tsohuwar filasta, a kankare tsatsa, a shafa jan fenti mai hana ta dawowa, sannan a cike da kwaɓin siminti awo 1 da yashi mai laushi awo 3, a riƙa yayyafa masa ruwa na 'yan kwanaki kada ya tsage. Tagar alminiyom kuwa ba ta son siminti a mahaɗa, domin zafin rana kan miƙar da ita kusan ninki 2 na yadda yake miƙar da siminti. Silikon ake matsa mata bayan wurin ya bushe sarai. Tana kuma da ƙananan hudoji a ƙasan firam da ke fitar da ruwa, waɗanda ƙurar hunturu kan toshe. Tsinke kaɗai ya isa a buɗe su, amma sau da yawa akan kashe kuɗin gyara ba a ko duba su ba.

Daɓen ƙasan taga ta waje dole ya gangara, ya ɗan zarce bango, a tsaga masa siririn layi ta ƙasa don ruwa ya ɗiga maimakon ya bi jikin gini. Tsagewar da ke saman linta a cike ta. In bakin kwano gajere ne, a yi wa tagar 'yar rumfa.

Gidan tubalin ƙasa da aka shafe da siminti ya fi buƙatar kula, domin ƙasar kan jiƙe a ɓoye, gara ta samu wurin zama. A ƙwanƙwasa bangon: inda ya yi ƙarar rami, filastar ta saki, sai a ɓare ta a bar wurin ya sha iska. Fenti ne aikin ƙarshe, cikin hunturu, bayan bango ya bushe har ciki.