Zaren nano da hasken infirared: yadda ake so a ƙara wa kyamarar waya gani

Duk wanda ya saita rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar waya ya danna maɓalli, sau da yawa zai ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allo, alhali ido bai ga komai ba. Wannan shi ne infirared, hasken da William Herschel ya gano a 1800. Ido yana tsayawa a wajen nanomita 700, rimot kuwa yakan yi aiki a 940.

Sensar kyamara da silikon ake yin ta. Kafin silikon ya sha haske, sai hasken yana da ƙarfin da zai tunkuɗe ilektiron daga mazauninsa. Da zarar tsawon zangon haske ya haura nanomita 1,100, ƙarfin ya gaza, sai ya ratsa silikon kamar gilashi. Abin takaici, can gaba ne amfanin yake: a wajen 1,450 ruwa yana shanye haske, don haka kyamara kan nuna ɓoyayyen rauni a jikin ɗan itace, kuma irin wannan haske ya fi ratsa hayaƙi.

Akwai sinadaran da ke kama shi, irin su InGaAs da ke kaiwa 1,700, amma tsada ta hana su shiga aljihun talaka. Shimfiɗa su a kan silikon mai araha ma ba ya yiwuwa salin-alin, domin jerin ƙwayoyin zarrarsu bai dace ba; tsakanin InAs da silikon bambancin ya haura kashi 11 cikin ɗari, sai shimfiɗar ta cika da lahani.

A nan zaren nano ya shigo. Siririn tsinke ne na semikondakta, kaurinsa kamar nanomita 100, gashin kai ya ninka shi sau ɗaruruwa. Wagner da Ellis suka bayyana hanyar tsiro da irinsa a Bell Labs a 1964, da ɗigon zinare a matsayin iri. Tun da gindinsa ƙanƙane ne, matsin yana sakewa ta gefe. Kuma yana aiki kamar eriya: yana janyo hasken da ya fi faɗinsa, kaurinsa ne ke zaɓar zangon da zai fi sha.

Matsalar tana jikin zaren. Fatarsa ta yi yawa idan aka kwatanta da cikinsa, tana kama ilektiron, tana haifar da ƙwarya-ƙwaryar lantarki ko a cikin duhu, hoto ya yi dishi-dishi. Shi ya sa masu bincike ke lulluɓe shi da wani siririn ɓawo, kuma har yanzu yawancin aikin a ɗakunan gwaji yake.