Ka Zama Ƙararrawar Kanka

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wata kunya da na sha, da abin da na koya a cikinta, ko Allah ya sa ya amfani waɗanda za su fita gwajin koyarwa bayanmu.

Ni dai a makarantar kwana ta mishan na yi sakandare. A can ƙararrawa ce ke tashe mu da asuba, ita ke kai mu addu'a da aji da gona da wurin cin abinci. Shekara 6 ban taɓa makara ba, har na ɗauka ni mutum ne mai tsari. Da na zo kwalejin nan sai na tarar ba mai buga mini ƙararrawa. Na kan zauna ina latsa waya har ƙarfe 1 na dare, in tashi rana ta yi sama. Ashe dai tsarin nan duk na ƙararrawa ne.

Asirina ya tonu ran da malaminmu ya zo duba ni a makarantar firamaren da aka tura ni. Na shiga aji 4 da shirin darasin da na rubuta a tsaitsaye da safen nan. Darasin lissafi ne na minti 35, amma kafin minti 15 abin faɗi ya ƙare mini. Yara suka ɗauki surutu, gumi ya jiƙa mini riga. Da aka tashi malam ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, in na komo na tarar da irin wannan, sai ka maimaita." Na tuna da acca da akuyoyin da babana ya sayar ya biya mini kuɗin makaranta. Daren nan ban runtsa ba. Da gari ya waye na ƙudura abubuwa uku.

Na fari, na nemi sanin abin da na iya. Na rubuta lokatai uku da aiki ya yi mini kyau a rayuwata, sa'an nan na tambayi abokaina biyu da malamar ajin su faɗa mini gaskiya. Duk bakinsu ya zo ɗaya, watau na iya ba da labari, abin da na gada wurin kakata. Sai na daina kwaikwayon abokina mai koyarwa da waƙa, tun da ya ke ni muryata ba ta waƙa ba ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da zan koyar da rabi da kwata, sai na zo da rake, na ba su labarin yara huɗu da suka yi faɗa wurin rabonsa. Ajin ya yi tsit.

Na biyu, na yi wa kaina ƙa'idodi na kullum. Dabarar na ara ne wurin Benjamin Franklin, mutumin Amurka, wanda aka haifa a 1706 ya rasu a 1790. Ya fara da aikin ɗab'i, ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙasarsu, hotonsa ne ke kan takardar dala 100. Tun yana saurayi ya zaɓi halaye 13 da ya ke so ya mallaka. Ya ja layi a ɗan littafi, kowace rana da gidanta, in ya saɓa wa wani hali sai ya ɗiga baƙin ɗigo a gidan ranar. Kowane mako hali ɗaya ya ke sa wa ido, don haka a shekara ya kan zagaya su sau 4. Shi da kansa ya yarda cewa halin ajiye komi a wurinsa da lokacinsa shi ya fi ba shi wuya.

Ni guda 4 kaɗai na ɗauka: kwanciya ƙarfe 10, tashi ƙarfe 5, rubuta darasin gobe kafin faɗuwar rana don wutar lantarki ba ta da tabbas, da kulle waya cikin akwati lokacin karatu. Makon farko na ɗiga ɗigo 11, na kusa jefar da littafin. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka fitar a 2009. Sun bi mutum 96 masu koyon sabon hali, suka ga matsakaicin lokacin da hali ke zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Sun kuma ga fashin rana ɗaya ba ya rushe aikin. Saboda haka in ka faɗi yau, ka tashi gobe.

Na uku, na shirya wa abin da ba a zata ba. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya bayyana a 1999 cewa wanda ya ƙudura tun da wuri, "in kaza ya faru zan yi kaza," ya fi cika niyyarsa bisa ga wanda ya ce zai yi ƙoƙari kawai. To, a bayan kowane shirin darasi sai in rubuta nawa. In ruwa ya sauko bisa kwano har ba a jin magana, zan rubuta aiki a allo. In darasi ya ƙare da wuri, ina da tambayoyi 5 a aljihu. Haka kuma na fara tunanin bayan an gama NCE, don ana iya tura mutum ƙauyen da bai san harshensu ba. Na ƙudura duk inda aka kai ni, gaisuwarsu da ƙirgensu zan fara koya a makon farko.

Bayan mako 5 malam ya komo. Na ci, ko da ya ke ba da maki mai yawa ba, ya kuma rubuta cewa har yanzu ina juya wa yara baya in ina magana a gaban allo. Wannan shi ne hali na 5 da na ƙara cikin littafina.

To, ga aikin da na ke roƙon kowannenku ya yi daren yau. Ka ɗauki takarda ka rubuta abu ɗaya da ka iya, da hali ɗaya da za ka riƙe kullum tare da lokacinsa, da matsala ɗaya da ka ke tsoro tare da abin da za ka yi in ta zo. Ka ba wani aboki amintacce ya riƙa tambayarka kowace Asabar. Yaran da za a damƙa mana gobe za su dubi halinmu kafin su saurari darasinmu. Allah ya taimake mu, amin.