Riƙe Zuciya: Jan Hankali ga Magidantanmu na Kurmi

An rubuta wannan takarda ne domin magidantanmu da ke neman abinci a Fatakwal da Anaca da Inugu, musamman waɗanda suka ba arba'in baya: dillalan shanu na Garikin Awkunanaw, 'yan canjin Ama Hausa, masu gwari na kasuwar Fruit Garden, da masu sana'a a bakin gadar Anaca. Maganarmu a kan fushi ce, da yadda dattijo zai riƙe zuciyarsa ba tare da haƙƙinsa ya salwanta ba.

Daga ina fushin yake?

Mai shekara arba'in zuwa sittin gida biyu yake ɗauke da su. Can Arewa ga iyali, ga tsofaffin iyaye, ga kuɗin makaranta, ga kayan ɗakin 'ya mace. Nan kuma ga yaran shago, ga haya, ga bashin da aka ci aka ƙi biya. A ce mota ta ɗauko maka tumatir daga Kwanar Gafan, ta sha tsaiko a shinge bayan shinge, kowanne sai an ajiye wani abu, ga kuɗin mota ya hau tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ta iso ranar Litinin ta tarar da kasuwa a rufe, saboda zaman gidan dole na ranar Litinin da aka soma a Agustan 2021. Ka buɗe kwando, ka ga ruwa na tsiyaya ta ƙasa. Kana cikin haka mai yankan rasit ya dafa kafaɗarka, ya kira ka da sunan da ba ka so. Wanda ya ce ransa ba zai ɓaci ba a nan, bai faɗi gaskiya ba. Ɓacin rai halitta ce, babu laifi a cikinsa. Abin da hannu da baki suka aikata bayansa shi ake tuhumar mutum a kai.

Ɓarna uku

Ta farko a jiki take. In fushi ya taso, zuciya na ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Saurayi kan wartsake nan da nan, amma jijiyar ɗan hamsin ta soma tauri. Masu bincike na Jami'ar Harvard ta Amurka sun bayyana a 2014 cewa cikin awa biyu bayan mummunan fushi, haɗarin bugun zuciya kan ninka kusan sau biyar, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ma yana ƙaruwa. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fi kowa zama a bakin wannan rami.

Ta biyu a gida take, fushin kaza huce kan dami. Wanda ya kasa tanka wa mai rasit da rana, sai ya sauke a kan yaron shago da yamma, ko ya ɗaga waya da dare ya saki matar da ke Kano ko Sakkwato a kan maganar cefane. Ku sani, a wurin mafi yawan malamai sakin mai fushi yana aukuwa matuƙar hankalinsa bai gushe ba. Gari na wayewa sai a shiga zaryar neman fatawa.

Ta uku ita ce ta baƙo musamman. A garinku, in ka mari mutum kai kaɗai za a kira gaban alƙali. A Kurmi kuwa ba za a ce wane ya yi ba, cewa za a yi Bahaushe ya yi. A Fabrairun 2021, cacar baki kan tumatir da ya zube a ƙofar wani shago a kasuwar Shasha ta Badun ta kai ga rasa rai, daga nan aka ƙona kasuwa, aka kashe mutane, ɗaruruwa suka bar gari. Mutanen Anaca ba su manta Fabrairun 2006 ba, lokacin da rikicin Maiduguri ya jawo ramuwa a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, jama'a suka tsallaka gada zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja. Haka aka gani a Oyigbo a 2017 da 2020. Inda ƙasa ta bushe haka, dattijo ba ya wasa da ashana.

Yadda ake riƙe zuciya

Da fari ka san alamarka. Wani kunnuwansa ke ɗaukar zafi, wani muryarsa ke rawa, wani haƙora yake cizawa. Da ka ji ta, yi shiru, ka nemi tsari daga Shaiɗan. Sunna ta koyar da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, an kuma ruwaito yin alwala. Likitocin zamani ma abin da suke faɗa ke nan: a bar wurin, a ja numfashi a hankali, a saurara jiki ya sauka. Ihu da dukan tebur ba sa rage fushi, ƙara rura shi suke yi.

Na biyu, kada ka yanke hukunci uku cikin fushi: saki, korar yaro, da raba jari. Bari su kwana. In da safe ra'ayinka bai sauya ba, ka yi da shawara.

Na uku, haƙuri ba barin haƙƙi ba ne. In an zalunce ka, rubuta rana da adadin kuɗi, riƙe rasit, nemi shaida, ka kai wa shugaban kasuwa ko Sarkin Hausawa, su zauna da shugabannin 'yan gari ko su kai ga hukuma. Ƙarar da aka kai da takarda ta fi wadda aka kai da jini a riga. Zama da mutanen nan kuwa abu ne mai yiwuwa: Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma da ƙuri'a ya hau.

Na huɗu, kula da jiki. Mai kwana a rumfa, yana tashe da goro da shayi mai kauri, ba ya rasa saurin hasala. Samu barci, rage gishiri, nisanci tiramol, ka riƙa awon jini. In ya riƙa kaiwa 140 bisa 90, ga likita.

Na biyar, kada ka bar damuwa ta ruɓe a ciki. Sami amini ko liman ka amayar masa. In fushin ya kai ga duka, ko fasa kaya, ko rashin barci na makonni, to ya zama ciwo. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Inugu, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal. Zuwa can ba hauka ba ne, neman magani ne.

Kira

Muna roƙon limamanmu su sa wannan magana cikin huɗuba, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa kuma su ware dattawan da za a riƙa kira da zarar murya ta tashi, tun kafin taro ya haɗu. Kai kuma ɗan'uwa, samari na kallonka: yadda ka yi da mai rasit yau, haka za su yi gobe. Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi a aya ta 134 ta Suratu Ali Imrana. Ka je awon jini a makon nan, ka kuma nemi afuwar wanda ka huce a kansa. Allah ya ba mu ikon mallakar zukatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.